Maharazu da Alawayyon Filin Jirgi

Yaran Illela na yanzu ba su san an taɓa yin filin jirgin sama a ƙasarsu ba, in ka gaya musu ma sai su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ka. Amma an yi. Ya yi aiki shekara huɗu da wata bakwai, daga Maris na 1960 zuwa Oktoba na 1964. Mil uku yake daga gari, a gefen hanyar Kalmalo, dab da wata 'yar tunga mai gida goma sha ɗaya da ake kira Tungar Maccido. Babu kwalta, babu gini sai bukkar kwano guda. Ƙasa ce aka share aka daɓe, tsawon yadi dubu, faɗin yadi arba'in, aka jera duwatsu a gefe biyu aka shafe su da farar ƙasa. Mutum ɗaya ne yake kula da wannan fili, sunansa Maharazu.

Ɗan masunta ne daga Kalmalo, amma bai gaji kamun kifi ba. Shekara tara ya yi yana leburancin hanya, yana zuba tsakuwa tsakanin Sakkwato da bakin iyaka, kuma a nan ne ya shiga ajin yaƙi da jahilci, yana da 'ya'ya biyu, ya koyi karatun boko. Abin da ya sa aka zaɓe shi ke nan. A duk yankin shi kaɗai aka samu wanda ya san halin ƙasa, kuma zai iya karanta allon dokokin da aka kafa a gaban bukkar. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji. Ba ya son a faɗa masa magana sau biyu, kuma ya zaci kowa haka yake.

Jiragen da ke sauka ƙanana ne, masu farfela guda a hanci. Da rani sukan kawo likitocin dabbobi da allurar cutar bushiya ta shanu a cikin ƙanƙara, don in aka biyo da ita ta mota kafin a iso ta lalace, ga shanu dubbai suna ƙetarowa daga ƙasar Nijar. In gero ya fitar da kai kuwa, sai jirgin feshi ya zo saboda jan baki, tsuntsayen nan da ke kwana a ciyayin tafkin Kalmalo, su wayi gari su cinye gonar mutum kafin hantsi. A wata guda jirgi zai sauka sau biyu, wani lokaci sau ɗaya. Sauran kwanakin daga Maharazu sai iska.

Baturen da ya damƙa masa filin, wata bakwai kafin Turawa su sauke tutarsu, ya bar masa sandar ƙarfe, da jar tuta, da gangunan mai, da wata doguwar jakar yadi da ake ratayawa a kan falwaya don nuna inda iska ta dosa, wadda mutanen tunga suka raɗa wa suna ƙafar wando. Sai kuma akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a cikinsa ƙyallen alawayyo biyu, kowanne yadi shida. Ya yi masa bayani dalla-dalla. Filin ba shi da rediyo, saboda haka matuƙi a sama ba ya jin kowa, idonsa kawai yake aiki. In ya leƙo ya ga fili wayam, ma'anarsa ya sauko lafiya. In ya ga fararen ƙyallen nan biyu an gicciye su a tsakiya, ma'anarsa ƙasa ba ta da kyau, ya juya. Dokar da ke saman allo kuwa ita ce: daga lokacin da aka ji ƙarar jirgi har farfela ta tsaya, kada mutum ko dabba ya kasance a cikin fararen duwatsu, har da mai gadin kansa.

Maharazu ya riƙe wannan aiki kamar ibada. Kullum in ya sallame sallar asuba sai ya ɗauki sandar ƙarfen ya taka filin daga gabas zuwa yamma, ya dawo ta ɗaya gefen. Ya cike ramin kurege, ya rushe shurin da gara ta tayar, ya tumɓuke tumfafiya tun tana ganye biyu. Duk taku hamsin sai ya kafa sandar ya danna da nauyin jikinsa. In ta shiga fiye da yatsa uku, ranar babu sauka. Bai taɓa barin mai shan taba ya matso gangunan mai ba, kuma ya taɓa riƙe wani babban ɗan kasuwa ta wuyan riga don ya nufi jirgi ta gaba farfela ba ta gama juyawa ba. Mutumin bai sake amsa gaisuwarsa ba har ya mutu.

Matsalar ita ce waɗanda suka auna filin sun shimfiɗa shi ne a kan tsohuwar hanyar da ta fito daga tunga ta nufi rijiya da gari. In za ka zagaya, ka ƙara kusan mil guda. Ran Lahadi kuma fatake da jakuna da raƙuma suna biyowa ta nan zuwa kasuwar Illela, kuma ba wanda ya taɓa gaya wa raƙumi abin da farin dutse yake nufi. Mata su ma suka gano cewa duk ƙasar ba inda ya kai wurin nan tsabta da santsi, don haka sai shanya: kuɓewa, barkono, garin gero. Maharazu ya kora, ya roƙa, ya karanta musu allon da ƙarfi har ya haddace shi. Suka sa masa suna Sarkin Fili.

Wadda ta fi kowa ba shi ciwon kai wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, Abu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta uku duk ta binne su, ba ta da kowa a tungar sai maƙwabta. Sau biyu a rana take ratsa filin da ƙwarya a kai, ba ta sauri, kuma ta tsakiya.

"Inna Abu, don Allah ki zagaya."

"A'a, Sarkin Hili. Ina kwana? Ina gajiyar mulki?"

"Inna, doka ta hana."

"Wace doka? Ina bin hanyag ga tun uwarka na wasan ƙasa. Ɗaga kanka ka duba. Akwai jirgi? Ni dai shaho nika gani."

"In ya taho hwa?"

"In ya taho ya yi sallama, in kauce mishi."

Sai ta ajiye masa ƙullin daddawa a kan dutse ta wuce, ya kai wa matarsa Hindatu yana huci, a sa a miya, ya ci yana ci gaba da faɗa.

A shekarar 1962 jakin wani falke ya tsaya a tsakiyar fili jirgin likitoci na saukowa. Matuƙin ya sake tashi, ya yi zagaye huɗu kafin a janye jakin da kunne da wutsiya. Ya rubuta rahoto. A Nuwamba na 1963 mata suka shanya barkono a ƙarshen fili na yamma, lokacin Maharazu yana can gabas yana gyaran igiyar falwaya. Jirgi ya sauka, iskar farfela ta kwashi barkonon ta watsa. Likitoci biyu da matuƙi suka fito suna atishawa suna hawaye, matan na kuka suna neman a biya su shanyarsu. Wannan ma aka rubuta.

Bayan mako biyu sai ga Malam Mukhtari a mota. Saurayi ne ɗan makaranta, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar duba ƙananan filayen lardin, mutum mai ladabi da agogo a hannu. Ya zauna a kan gangar mai da babu kome a ciki, ya ce, "Baba Maharazu, zan gaya maka gaskiya. Rahoto biyu ke nan a kan filin nan. A ofis akwai masu cewa mota ta isa, filin ɓarnar aiki ne. In na uku ya zo, za a rufe, kai kuma a sallame ka. Ba ni da yadda zan yi."

"Ranka ya daɗe, ku ba ni waya in kewaye shi."

"Rubuto."

Ya rubuta. Wasiƙa huɗu ya aika a cikin wata biyar, da hannunsa, yana danna fensir har takarda na hujewa. Sau ɗaya aka amsa, aka ce ana dubawa. Da ya gaji da jira sai ya shiga daji ya saro ƙaya ya yi shinge a bakin tsohuwar hanya. Kwana tara shingen ya yi, aka zare shi reshe-reshe aka dafa tuwo. Ya je wurin Maccido mai unguwa, dattijo mai sanyin magana, ya ce masa in aka rufe filin ba mai zuwa ya kori jan baki. Maccido ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarka. Za mu yi magana." Ya je wurin liman, Malam Lawwali, shi kuma ya ce haƙuri ya fi. Daga nan Maharazu ya daina komawa gida cin abincin rana. Ya kwaso tabarmarsa ya zauna a bakin hanyar da sanda, daga safe har faɗuwar rana. Ya rame. Hindatu ta ce masa, "Malam, mata sun bar gaishe ni bakin rijiya, kuma duk don kai." Ya ce su bari, gaisuwa ba ta tare jirgi. Wata tara cur ba a rubuta kome a kansa ba.

Sai watan Agusta na 1964 ya zo. Gero ya yi kyau a shekarar, jan baki kuma suka sauka a tafki da yawan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da yamma in sun taso sai ka ce hadari. Aka aiko cewa jirgin feshi zai zo ran Alhamis.

Ran Talata aka wayi gari bayan ruwa mai yawa. Maharazu ya taka filin da sandarsa. Gabas lafiya, yamma lafiya, amma a tsakiya, wajen tsawon yadi ɗari biyu, sandar ta nutse har taƙi guda. Irin lakar nan ce mai yaudara, wadda in rana ta ɗan taɓa ta sai samanta ya bushe ya yi sumul, ƙasanta kuwa kamar kunu. Ƙafar jirgi in ta faɗa ciki da gudu, hanci zai kafe wutsiya ta tashi sama. Ya buɗe akwati ya fito da alawayyon, ya gicciye su a tsakiya, ya danne kowace kusurwa da dutse, ko da yake ya san sauran kwana biyu.

Yana wanke hannu sai ya hango Maccido da Malam Lawwali tafe. Suka zo bakin fararen duwatsu suka tsaya, ba su tsallaka ba. Nan take ya san ba lafiya ba, don bai taɓa ganin sun yi haka ba.

Bayan gaisuwa Maccido ya ce, "Abu ta cika. Ɗazu, da hudowar rana."

Maharazu ya yi salati. Kwana uku ke nan bai ga ta ratsa ba, ya ɗauka magana ce ta fara shigarta.

"Munka aiki mutum biyu gari su sawo likkahwani," in ji Maccido, "sunka iske kwari ya cika. Ruwa har wuya, shina gudu. Ba mai ƙetarewa yau."

Ba wanda ya dubi tsakiyar fili, kuma ba wanda yake tunanin wani abu sai alawayyon da ke can.

"Mai unguwa, yadin ga ba nawa ba na. Na hukuma na."

"Mun sani. Gobe in ruwa ya janye, ni da kaina za ni gari in sawo irinsa."

"Ku jira zuwa la'asar mana."

Malam Lawwali ya ce, "Maharazu, ka ji zahin da rana ta hito da shi. Kai ma ka san abin da gawa ka yi cikin ɗaki in ta wuni."

"To ku ɗauki ɗaya."

"Mace ta. Ɗaya bai suturta mace."

"Ba wani hwarin yadi duk tunga? Ko riguna?"

"Akwai tsummoki," in ji liman. "In ba yadda za a yi, ya halatta. Amma ga wankakken alawayyo shimhiɗe ƙasa, kowa na kallo. Mi za a ce da mu? Mun rufe baiwar Allah cikin tsumma, mun bar yadi na jiran jirgin jibi?"

Maharazu ya dubi sama. Babu kome, ko tsuntsu. Ya lissafa a ransa: yau Talata, gobe Laraba yadi zai dawo, jirgi sai Alhamis. Tun da aka buɗe filin, jirgi bai taɓa riga ranarsa ba, sai dai ya makara. Ya so ya ce a'a. Ya san in ya ce, ba wanda zai ƙwace, za su yi masa sallama su koma, kuma daga ranar har ya mutu shi ne mutumin da ya hana marainiyar tsohuwa likkafani. Ya shiga cikin laka ya ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe yadin ya miƙa wa liman.

"Ko ta mutu sai da ta ratsa min hili," ya ce.

Hindatu ta ɗauraye lakar da ta taɓa gefen yadin, rana ta busar da shi nan da nan, mata suka yi abin da ake yi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka sallaci Abu, aka ɗauke ta zuwa maƙabarta, wadda take rabin mil arewa da filin. Duk namijin da ke tungar yana can, har da Maharazu a cikin kakinsa na aiki.

An sa ta, ana jera itace a kan kabari, sai ya ji. Kunnensa ya riga na kowa, wani siririn gunji daga kudu. Ya saki itacen da ke hannunsa ya zura da gudu, yana tsallake kaburbura, mutane na binsa da kallo. Daga baya ne aka san abin da ya faru: tun ran Litinin da yamma waya ta iso gari cewa an matso da zuwan jirgin zuwa Talata saboda yawan tsuntsu, masinja kuma ya fito da safe ya iske kwari a cike, ya zauna a bakin ruwa da takardar a aljihu.

Sa'ad da Maharazu ya iso filin, jirgin ya riga ya yi zagayen dubawa, ya ga fili fes, ya daidaita hanci daga yamma. Jar tuta na cikin bukka, can ƙarshen gabas, yadi ɗari biyar daga inda yake. Babu lokaci. Kakinsa kalar ƙasa ne, ko ya tuɓe ya shimfiɗa ba za a gani ba. Ya tsallake fararen duwatsu, ya kutsa har tsakiyar lakar, ya fuskanci jirgin ya ɗaga hannu biyu.

Jirgin ya taho, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har Maharazu yana ganin ƙusoshin cikinsa. Sai injin ya yi ruri ya ɗaga, iskar ta fizge masa hula ta kayar da shi zaune. Ya miƙe. Jirgin ya zagayo karo na biyu, ƙasa-ƙasa ta gefe, matuƙin ya fito da hannu ta taga yana nuna masa ya kauce. Maharazu ya sunkuya ya ɗebo laka cike da hannuwa biyu ya ɗaga sama, yana ihu, "Laka ce! Laka!" Daga sama ba abin da ake gani sai wani gajeren mutum yana rawa a tsakiyar fili. Karo na uku jirgin ya sake gwadawa, mutumin bai motsa ba. Sai ya karkata fiffike ya nufi kudu, ƙararsa ta yi ta raguwa har ta ɓace.

Jirgin feshi guda ne a lardin, kuma akwai wasu wurare a jerin aikinsa. Bai dawo ba sai bayan kwana goma sha biyu, ya yi feshin daga wani fili mai nisa. Kafin nan jan baki sun gama da gonakin bakin tafki, sun taɓa na wajen ƙauyen Garu. A kasuwar Lahadi ba a maganar kome sai Sarkin Fili da ya kori jirgi da hannunsa. Wasu suka ce aljanun wurin ne suka taɓa shi. Wani ɗan'uwansa na Kalmalo, wanda gonarsa ta koma kara zalla, ya same shi a gaban jama'a ya ce, "Shekara huɗu kana korar jakunanmu don jirgi shi sauka. Ran da munka bukace shi, shi ma ka kore shi. To wa kaka yi wa aiki?" Su kuwa mutanen tunga, da suka san dalili, abin da ya tsaya musu a rai daban ne: ya gudu ya bar kabari a buɗe, kuma ya tsallake matattu.

Malam Mukhtari ya zo rana ta goma sha ɗaya. An yi kwanaki ba ruwa, ƙasa ta koma kamar dutse. Maharazu ya kai shi tsakiyar fili ya nuna masa wurin. Mukhtari ya karɓi sandar ya danna, ko yatsa ɗaya ba ta shiga ba. Ya ce a buɗe akwati. Ga alawayyo sabo fil, ko ninkin kanti bai warware ba, don Maccido ya cika alkawari tun ran Laraba.

"Baba, ga abin da matuƙi ya rubuta. Babu alamar rufewa, fili a bushe, wani mutum ya tsaya a tsakiya ya ƙi kaucewa sau uku. Ya ce da ƙyar ya kauce wa kashe ka. Me ya hana ka shimfiɗa wannan?"

"Wanga bai nan ranar."

"Ina na ranar?"

Maharazu ya nuna arewa da haɓa. "Shina cikin kabari."

Aka kira Maccido da Malam Lawwali, suka faɗi yadda aka yi, ba su rage kome ba. Mukhtari ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Da ni ne a wurin, ban san abin da zan yi ba. Amma ka duba. In na rubuta wannan, za su ce ka san ƙasa ba ta da kyau, ka ɗauke alama da hannunka, ka bayar da kayan hukuma, ka bar fili ba kowa, sannan ka karya dokar farko. In ban rubuta ba, za su ce ka taɓu. Wanne kake so?"

"Ranka ya daɗe, da ya sauka da ya mutu."

"Na yarda. Amma bai sauka ba, kuma lakar ta bushe."

"To ka rubuta duka. Ka rubuta akwai laka taƙi guda. Ka rubuta wasiƙa huɗu da nay yi kan waya. Ka rubuta masinja na bakin kwari."

"Zan rubuta."

Ya kuwa rubuta, shafi uku, kuma waɗanda suka ga takardar sun ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Amsa ta zo farkon Oktoba, layi biyar. An rufe filin, an sallami mai gadi daga ƙarshen wata. Ba a ambaci laka ba. Maharazu ya hau babbar motar fata zuwa Sakkwato, ya kwana uku yana zama a bencin ƙofar ofis don ya yi bayani da bakinsa. Rana ta farko aka ce mai gidan yana taro, ta biyu aka ce ya tafi Kaduna, ta uku masinjan ofis ya ji tausayinsa ya gaya masa cewa maganar ta riga ta shiga fayil, kuma abin da ya shiga fayil ba ya fita. Ya dawo. Mota ta zo ta kwashe ganguna da akwati da allon dokoki.

Bayan haka ya samu gadin ƙofa a kara, kasuwar shanu ta Illela, ya yi shekara goma sha huɗu a nan, kuma dillalai sun ce ba a taɓa yin mai ƙofa mai tsanani irinsa ba. Ya rasu a damina ta 1979. Ba ya son a tayar masa da zancen jirgi. In wani ya matsa, sai ya ce taƙi guda, ya nuna da hannu.

Filin kuwa, a bazarar 1965 Maccido ya raba shi ga magidantan tunga, ya zo har gida ya tambayi Maharazu wane yanki yake so. Ya ce ba ya so. Aka shuka gero, ya fito tsilla-tsilla, bai kai gwiwa ba ya ƙone. Shekara ta biyu ma haka. Ƙasar da aka yi shekara huɗu ana daɓewa ba ta shan ruwa, kuma ta karya fartanya ba adadi. Wata Lahadi Maccido ya tsaya a ƙofar kara da karyayyar fartanya a hannu zai kai wa maƙeri, ya dube shi ya ce, "Maharazu, ka kashe muna ƙasa."

Maharazu ya ce, "Mai unguwa, matsa gefe. Shanu na tahe."